Ranar Da Inna Ta Nemi Izinin Shan Ruwa

Assalamu alaikum edita. Lokacin da abin nan ya faru shekarata arba'in da ɗaya, ina aiki a wani ofishi a unguwar Dokki da ke Alƙahira, ina da mata da 'ya'ya biyu, ga sabuwar jif da nake lallaɓawa kamar ƙwai. Mutum ne ni mai tsari da saurin fushi. In na ce ƙarfe bakwai, to bakwai ɗin ce. Kuma ni ne ɗan fari wurin mahaifiyata. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san nauyin wannan. Tun da Inna ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, ba ta buɗe baki ta roƙe ni komai. In zance ya biyo ta kaina sai ta ce wancan. Na san kunya ce ta al'ada, amma a ƙasan raina na daɗe ina ƙullace da ita, ina ganin ƙannena kawai take so.

Ni na kawo ta Alƙahira ganin likita saboda ciwon suga da ya fara taɓa mata ƙoda. Ni ne ma na yi tafinta ranar da likitan ya ce ta riƙa shan ruwa sosai, kuma maganin da ya rubuta zai sa ta yawan fitsari. Ku riƙe wannan, don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani. Da aka ba yara hutu sai na shirya mana tafiyar kwana uku a mota zuwa yamma: mu bi ta gefen dalar Giza, mu sauka garin Bahariya, mu ga baƙaƙen duwatsu da dutsen nan mai ƙyalli kamar gilashi, mu ƙare a gandun Farar Sahara. Matata ta ce tafiyar ta yi wa tsohuwa nisa. Na ce khalas, na gama magana. Gaskiyar ita ce so nake Inna ta koma gida ta ba da labarin abin da wancan ɗin ya yi mata.

Rana ta farko lafiya lau. A ta biyu muka bar Bahariya a makare, ni kuma na ƙudurta sai mun kai fararen duwatsun kafin faɗuwar rana, don lokacin ne hoto yake kyau. Hanya ce fetal, ba gida ba bishiya. Can sai na ji Inna a baya tana raɗa wa 'yata cewa ta gaya wa babanta ko za a ɗan tsaya a yi alwala. Mun yi la'asar bai fi awa ɗaya ba, na kuwa san sarai abin da take nufi. Sai shaiɗan ya raya mini cewa yau dai sai ta yi mini magana da bakinta. Na ce wa yarinyar duk mai buƙata ya faɗa da kansa, ni ba a aiko mini da 'yan aike a cikin motata. Matata ta taɓa hannuna, na ture. Yarinyar ta sake isar da saƙon har sau biyu, ni kuwa na ƙara ƙarar rediyo na taka mota.

Da muka isa kowa ya fita ban da Inna. Na buɗe ƙofar baya, na ga kujerar ta jiƙe, ta rufe fuskarta da mayafi. Mai hankali da sai ya janye yara ya bar matarsa da ita. Ni kuwa na hau faɗa, a gaban jikokinta, a gaban wasu 'yan yawon buɗe ido da ke tsaye kusa. Na ce wace irin kunyar banza ce wannan, mutum ya gwammace ya ɓata mota da ya buɗe baki. Na ce ko ƙaramin cikin yaran nan ya wuce haka. Na ɗauko ledar shara na shimfiɗa a kujerar, na ce daga yanzu a kai za ta zauna. Mutumin da ke yi mana jagora, wani dattijo Balarabe, ya matso yana ta cewa ma'alish, wato a yi haƙuri, uwa ce, na ce ya tsaya a aikinsa. Bayan haka, wallahi, na jera yara gaban dutsen nan mai kama da kaza na ce su yi murmushi.

Washegari Inna ta aiko 'yata ta ce azumi take yi. Mai ciwon suga, a tsakiyar sahara, ga tafiyar yini a gabanmu. Ashe tun daga lokacin da na yi mata faɗa ko ɗigon ruwa bai shiga bakinta ba. Matata ta yi ta roƙonta har da kuka, ta dawo ta ce ni kaɗai zan ba ta haƙuri ta sha. Na ce wanda ya ɗauki azuminsa shi ya san dalili. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, daɗi na ji, don na san ba za mu tsaya a hanya ba. A hanyar dawowa, muna hango dalar Giza daga nesa 'yata ta ce kaka ba ta amsawa.

Kwananta tara a asibiti. Likita ya ce ƙodar da ma da ƙyar take aiki, rashin ruwan ya ƙarasa ta, sai dai wankin ƙoda har iyakar rai. Ya kuma ƙayyade mata ruwa, 'yan kurɓi a yini, a wani ƙaramin kofi mai zane. Ranar da ta dawo hayyacinta sosai, da hantsi, ni kaɗai ne a ɗakin. Sai na ji an kira sunana. Na waiwaya ina neman mai kiran, don ban san yadda sunan yake fita a muryarta ba. Leɓɓanta duk sun tsage. Ta tambaye ni a hankali, tunda yanzu ba a cikin motata muke ba, ko na yarda ta sha ruwa. Abin da na yi shekara arba'in ina jira ke nan, ga sunana, ga roƙo. Kuma ta riga ta shanye rabonta na safiyar, dole na ce mata a'a.

Yanzu tana gida, sau biyu a mako ƙannena ke kai ta wankin ƙoda. Ba ta gaya wa kowa abin da ya faru ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce wancan ya kai ta ta ga ikon Allah, duwatsu farare kamar gishiri. Na roƙi gafara ta ce ba komai, wannan ba komai ɗin kuwa ya fi mini zagi ciwo. Na gane a makare cewa shirunta girmamawa ce, ita ce irin ƙaunar da aka koya mata. 'Yan'uwana, iyayenmu ba sa faɗin buƙatarsu kai tsaye. In tsohuwa ta ce a tsaya a yi alwala, ku tsaya, ko da yanzu aka sallame. Ni na matsa sai da ta kira sunana sau ɗaya, ga shi har yau ko wa ya kira shi, ƙishirwarta nake ji.