Zaren Kaka Ladi

A gidanmu na Zongon Kumasi, idan an idar da Magariba an ci tuwon zafi, Kaka Ladi ba ta kashe murhun gawayi. Nan muke zagaye ta, mu jikoki. Ɗakuna biyu gare ta a can baya, kusa da makwararar ruwa. Sauran gidan na ƙaninta ne, Baba Malam, wanda ya kama hannuna ya koya mini rubutun ajami, harafi bayan harafi.

Akwai labari ɗaya da ba ta gajiya da shi. Sai ta ware zare daga bakin zanenta, ta zube goro goma a tabarma, shida gefe guda, huɗu gefe guda.

"Matso, mijina," in ji ta gare ni. "Kai da ba ka ba ni kuɗin cefane, ka ba ni kunne."

Wani tsoho ne, in ji ta, ya koro shanu daga arewa zuwa Kumasi, farare shida, baƙaƙe huɗu. Da ya ji ƙarfinsa ya ƙare, sai ya zagaye su duka da igiya ɗaya, ya ce wa 'ya'yansa biyu, "Abin da ke cikin igiyar nan, ku raba biyu." A nan Kaka takan zagaye goron duka da zare, mu ce biyar-biyar. Amma da aka binne tsohon, ƙaramin ya janye igiyar, ya zagaye baƙaƙen kaɗai, ya kira dattawa su shaida. Aka raba huɗu. Ya haɗa biyu da shidan da ya bari a waje, ya ce su ma nasa ne.

"Nawa ke nan?"

"Takwas."

"Babban fa?"

"Biyu. Kaka, ai sata ya yi."

"Bai taɓa saniya ko ɗaya ba. Igiya kawai ya matsar."

Nakan tambaye ta wace azaba ta same shi, domin a sauran labaranta mugu ba ya tsira. Takan ce, "Labarin nan a nan ya tsaya," ta naɗe zarenta. Wani lokaci Baba Malam yana wucewa da butarsa, ya ce, "Yaya, kina nan da shanunki?" Ba ta ɗaga kai.

Bayan rasuwarsu duka biyu, aka ba ni akwatin ƙarfenta. A ƙasan zannuwa na sami takardar ajami ta mahaifinsu: ɗakunan gaba shida, na baya huɗu, kyauta tun yana raye, a raba biyu. Ya ja da'ira ɗaya ta tawada ta kewaye layukan biyu. Kaka ba ta iya karatu ba, amma da'ira kam ta san ta. A cikin littattafan Baba Malam kuma na ga kwafin da aka karanta wa dattawan unguwa. Babu harafin da ya canza. Da'irar ce ta tsuke, ta kama ɗakunan baya kaɗai. Na san hannun, domin yadda yake lanƙwasa wasali haka nake lanƙwasa nawa har yau.

Kwanakin baya jikata Rabi ta zo daga unguwar Krofrom da aikin makaranta. An rubuta mata 6 + 4 ÷ 2, ta ce biyar.

Na ce, "In babu baka, rabawa ake fara yi, sannan tarawa. Takwas ne."

"To in ina son biyar?"

Na rubuta mata (6 + 4) ÷ 2. "Abin da ke cikin baka, shi ake fara haɗawa, ya zama abu ɗaya."

"'Yan layukan nan biyu kawai?" Ta yi dariya.

Ban yi dariya ba. Dalilin da ya hana Kaka fito da takardarta, Allah ne masani. Ina sa Baba Malam a addu'a, don da hannunsa nake rubuta sunan Allah. Sai dai duk sanda na zo kan sunansa, harshena yakan yi nauyi.