Safar Hasana Mai Ƙunshi

A unguwar Yakasai in ka ce Hasana mai ƙunshi, kowa zai nuna maka gidan. Shekara arba'in tana yi wa amare lalle. Ni ma ita ta yi mini nawa, tana ta faɗa wai na fiye mutsu-mutsu. Ƙafarta ce tallarta: tun tana budurwa ba wanda ya taɓa ganinta ba lalle, kullum kamar yau aka kwance.

'Yan shekaru bayan sojoji sun koma bariki, wani tsiro ya fito mata a dunduniya. Ta goge da dutsen kaushi, wanzami ya yanke, abu ya dawo. Matar da take zaga cikin gari a ƙasa, sai ga shi ko zuwa unguwar Mandawari ya gagare ta. Amare suka fara neman wata, nan fa hankalinta ya tashi.

Ɗanta Salihu ya kai ta wani asibiti inda ake ƙona irin wannan da haske, wai leza. Likitar ta duba ta ce, "Baba, ni ba na ganin komai sai lalle. Sai ya goge tukuna, bayan aiki kuma sai wurin ya warke."

"Kwana nawa ke nan?"

"Kamar wata biyu."

Hasana ta ce gara a yanke ƙafar. Salihu ya ce to a yanke, ta galla masa harara, ta aike shi sayen safa don kada a ga ƙafarta ba lalle.

Ana tsakiyar bazara, ana wannan zafi na fitar hankali, Hasana ce da safa har ƙwauri. Mu matan unguwa muka sa ta a gaba: "Baba, ƙwallo za a buga?" Alwala ma sai ta shige ɗaki ta saki labule. Aikin kansa bai kai dahuwar shayi ba. Ta fito tana mita, wai a kan wannan ɗan hasken aka raba ta da lalle.

Ranar da likita ta yi izini, mu goma sha ɗaya, duk amarenta na da, wasu har da jikoki, muka kwaɓa lalle muka je. Ta ƙi cire safar. Na ce, "Haba Baba, ai ƙafar kowaccenmu nan ta zauna a cinyarki."

Sannan ta zare. Muna cikin shafawa ta ce tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya sake yi mata ƙunshi sai ita kanta. Wallahi sai da na yi hawaye.

Da aka kwance bayan la'asar, ta ƙare wa ƙafar kallo ta ce layin hagu ya karkace, aikin 'yan koyo ne. Washegari ta taka har Mandawari ba safa. Karkataccen layin nan kuwa ba ta gyara shi ba, sai da ya goge don kansa.