Damin da Baba Ya Ƙi Karɓa

A garinmu idan ka ari gona ba a rubuta komai. Dami ne shaida. Kaka ta yi, ka gama ɗaurin hatsinka, sai ka zaɓi dami ɗaya mai kyau, ka aza wa jaki, ka kai ƙofar mai gona da rana tsaka kowa yana gani. Ba haya ba ce, dami ɗaya me zai yi wa gida? Tuni ne kawai, cewa ƙasar nan taka ce, ni aro nake. Yaron da bai iya ɗaura wando ba ma ya san wannan a garinmu. Sai da maganar ta kai gaban shari'a sannan na ga dattawa masu furfura sun mance da ita sarai.

Gonar da nake magana ta kakanmu ce, gabas da gari ta hanyar Bande. Gonar gawo muke ce mata, don wani ƙaton gawo da ke tsakiyarta. Tun ban yi wayo ba, a wata shekarar yunwa, wani mutum ya taso daga wajen Dungas da matarsa da tsummokaransu ya sauka a zauren Baba. Jininsu ya haɗu, suka zama aminai. Baba ya ara masa gonar gawo, don a lokacin muna da wata babba kuma bakunan gidanmu ba su da yawa. Mutumin nan, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa fashin kawo dami ba. Matsalar daga wajen Baba take. Da ya ga jakin ya tsaya a ƙofa sai ya ɓata rai kamar an zage shi.

"Haba malam, ni da kai? Juya da shi, yaranka sun fi ni bukata."

"A'a, ka karɓa dai, haka aka gada."

"Wallahi ba zai shiga rumbuna ba."

Haka jakin zai juya da kayansa. Dattawan da ke zaune a dakalin masallaci su yi ta dariya suna cewa ga jakin aminai nan ya je ya dawo. Kowace kaka sai an yi wannan, har ya zama abin ba'a a gari. Inna ce kaɗai ba ta dariya. Takan ce, "Malam, ka karɓa mana, ko da washegari za ka mayar masa a matsayin kyauta." Baba ya ce mata ba ta san aminci ba.

Aminin ya rasu. Ya bar babban ɗansa, wanda aka haifa a garinmu, Baba ne ma ya raɗa masa suna. Yaron ya taso da wayon kasuwa, yana ƙetara iyaka da wake yana dawowa da mai a jarkoki, har ya sayi jar moto, wato babur, ya kuma sa wa masallaci sola. Kakar farko bayan rasuwar ubansa jaki bai zo ba. Baba ya ce ai maraya ne, a bar shi ya ji da kansa. Ta biyu ma shiru. Ana nan gidanmu ya cika, ƙanena ya yi aure, jikoki suka yi yawa, babbar gonarmu kuwa ta gaji, rairayi ne kawai ke tashi. Sai Baba ya yi abin da ake yi, ya jira aka gama girbi, ya aika a gaya wa yaron cewa baɗi muna son gonarmu. Ɗan aike ya dawo yana sosa ƙeya. Wai yaron ya ce wace gona? Shi gonar gawo a hannun ubansa ya buɗe ido ya gan ta, gado ce.

A lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye. Aka kira ni, wai ni ne na san Faransanci da takarda.

Mun fara da maigari, kamar kowa. Ya tara dattawan nan na dakali, waɗanda suka shekara suna yi wa jaki dariya. Na zauna ina kallon bakinsu. Ɗaya ya ce shi idonsa ya daɗe da raunana. Ɗaya ya ce ya ga jaki kam, amma bai san abin da ke tsakanin aminai ba, kila gaisuwa ce. Na ukun ya yi ta jan carbi yana kallon fitilar solar da ke saman kansa. Tir! Mutanen da za su iya gaya maka akuyar wa ta ci waken wa tun zamanin kakanni, ranar nan duk suka zama jarirai. Maigari ya yi gyaran murya ya ce a yi haƙuri, duk ɗaya ne. Ban taɓa jin an ce wa wanda ya ƙwace ya yi haƙuri ba, kullum wanda aka ƙwace wa ake gaya wa.

Daga nan sai fadar sarki. Muka tuɓe takalma, muka faɗi muka yi gaisuwa, dogarai suna ta amsawa da ƙarfi kamar su ne za su yanke hukuncin. Aka nemi a sasanta, a raba gonar biyu, gawo ya zama iyaka. Baba ya sunkuyar da kai, na ga alamar zai yarda. Yaron ne ya ce shi ba ya raba gadon ubansa. Aka rubuta cewa sulhu bai yiwu ba, aka tura mu jastis, wato kotu.

Wanda bai taɓa zuwa jastis ba yana zaton shari'a a cikin ɗaki ake yin ta. Ina! Rabinta a gindin bishiyar dogon yaron da ke bakin ƙofa ake gama ta. Nan za ka tarar da mutanen ƙauye a tsugune, kowa da takardarsa a ƙulle cikin leda a aljihun gaba, yana tattaɓa ta kamar laya. Nan kuma za ka tarar da masu kiwon su. Tun ranar farko wani ya maƙale mana, siriri, da tsohuwar kwat a wannan zafi da dosiyen takardu a hammata. Shi ba aboka ba, wato lauya, shi ba ma'aikaci ba, amma duk wanda ya wuce sai ya ɗaga masa hannu don mu ga ya san manya. Ya saurari labarinmu yana kaɗa kai, sannan ya matso kusa da Baba yana warin taba.

"Baba, abin mai sauƙi ne. Za a tambaye ka ko kana karɓar dami. Ka ce e, kowace shekara. Shaidu kuma kada ka damu, ina da mutum biyu, sun iya tsayuwa gaban alƙali."

Ya nuna su da haɓa. Wasu ƙatti ne biyu suna cin gyaɗa, ko sunan garinmu ba su sani ba, amma a shirye suke su tuna da jakin da ba su taɓa gani ba. Dubi lalacewa! Waɗanda suka gani sun mance, waɗanda ba su gani ba suna jira a ce su tuna. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, Allah ya shirye ka." Mutumin bai ji kunya ko kaɗan ba. Kafin azahar na hango shi a gindin jar moto yana raɗa wa abokin shari'armu magana da wannan murmushin dai.

Sai zirga-zirga ta fara. Mu taso da sassafe a kan kabu-kabu, Baba a tsakiya ina riƙe da shi ta baya, rairayi yana watsa mu. Mu yini a gindin bishiya, a fito a ce an ɗaga. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe ɗaya ɓangaren bai samu sammaci ba, alhali ga shi can yana shan lemo a inuwa. Rani ya wuce, hadari ya fara haɗuwa, aka ce wanda ke noma gonar ya ci gaba da noma kafin a yanke. Wato dai ya shuka, ya girbe, mu kuma mu ci gaba da zuwa. Baba ya rame. Tsohon da bai taɓa kwana da takalmi a ƙafa ba ya koyi zama a kan benci yana jira wani yaro sa'an jikansa ya kira sunansa a karkace.

Ranar da aka saurare mu, alƙalin matashi ne, ba ɗan yankinmu ba, kuma ban ga mugunta a fuskarsa ba, gajiya na gani. A gefensa akwai malamai biyu da ake zaunarwa don su faɗi abin da al'ada ta ce. Yana magana da Faransanci, tafinta yana juyawa. Ni da aka kawo don Faransanci aka ce in yi shiru, ba ni ake tambaya ba. Baba ya yi bayani tun daga shekarar yunwa, ya kawo zaure, ya kawo aminci, ya kawo suna. Tafinta ya dunƙule duka a jimla biyu, ina ji, kamar mai matse tsumma. Sannan tambayar ta zo.

"An ce ka taɓa karɓar dami a kan gonar nan?"

"Ranka ya daɗe, ana kawowa."

"Ba a ce ana kawowa ba. Ka karɓa?"

"Ban taɓa karɓa ba."

Ɗaya daga cikin malaman ya jinjina kai ya ce a al'ada, gonar da ba a karɓar mata dami ta yi kama da kyauta. Ta yi kama! Shi ke nan alherin shekaru ya zama hujja a kan mai shi. Shaidunmu kuwa, dattawan dakali, ɗaya ya aiko cewa ƙafa ta hana shi, ɗaya ya zo ya maimaita zancen raunin ido. Tun da mai ƙara ba shi da shaida, aka ce wanda ake ƙara ya rantse da Alƙur'ani cewa gonar gadonsa ce, ba aro ba.

Aka rankaya masallacin da ke kusa. A ƙasarmu ba a wasa da wannan rantsuwa. Kowa ya san labarin wani da ya dafa a kan ƙarya ya ƙare a kwance, ko gidansa ya watse. Ni kam a raina cewa nake ya dafa, ya dafa mu gani. Yaron ya yi alwala. Ya san gaskiya sarai, shi ne fa yake kora jakin nan yana ƙarami. Malam ya buɗe Littafi ya ajiye a gabansa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya miƙa hannu.

Baba ya yi wuf ya kama wuyan hannunsa. Ban san tsohon yana da sauran wannan ƙarfi ba.

"Kada ka taɓa. Ni na raɗa maka suna a kunnen nan. Ba zan tsaya ina kallo ka hallaka ba, me zan ce wa ubanka?" Ya juya wajen malam. "Allah ya gafarta malam, a rufe. Na bar masa."

Na ce, "Baba!" Ya ɗaga mini hannu.

Na zuba wa yaron ido ina jira in ga ko zai durƙusa, ko hawaye, ko da kalma ɗaya. Ajiyar zuciya ya yi, irin ta wanda mota ta kusa bankewa. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya fita waje yana amsawa, ina jin sa yana maganar farashin wake. Aka koma aka rubuta cewa mai ƙara ya janye. Mai kwat ya tare mu a bakin ƙofa yana cewa da mun ji shawararsa da yanzu muna murna.

Daminar nan ba ta yi mana kyau ba. Tsohuwar gonarmu ta ba da abin da ba zai kai mu rani ba, gonar gawo kuwa ta yi hatsi har ana tsayawa kallo. Na zo gida hutu, muna zaune da Baba a ƙofar zaure da hantsi, sai ga jaki ya tunkaro mu da dami a bayansa. Ƙanen yaron ne ke kora shi. Ya gaishe da Baba ya ce yayansa ya fitar da zakka, ya ce a kawo wa tsoho nasa.

Zakka. A ƙofar gidan da ubansu ya sauka da tsummokara.

Jinina ya tafasa. Na miƙe ina jiran Baba ya faɗi abin da ya saba faɗa shekara da shekaru, in juya jakin da hannuna, in haɗa masa da saƙon da ba zai manta ba. Baba ya daɗe yana kallon damin. Daga cikin gida ana jin kukan jikokinsa da ƙarar Inna tana kankare ƙasan tukunya.

Ya ce, "A sauke. Yara za su ci."

Dattawan dakali suna zaune suna kallo, har da mai raunin ido. Wannan damin kam sun gan shi tsaf, kuma ba su mance ba. Har yau idan ana zancen yaron a garinmu sai ka ji sun ce, ai ɗan albarka ne, shi yake ciyar da aminin ubansa har tsohon ya rasu.