Batir Ɗaya, Ƙwai Ɗaya, Waya Ɗaya

Ranar ɗaya ga watan goma na 1996, ranar da anka ba mu jihar Zamfara, rediyon unguwarmu a Ɗan Isa ya zaɓi mutuwa. Dattawa sun cika gindin itacen bedi bayan La'asar, kowa ya miƙa kunne yana jiran ya ji sunanmu da Hausa, sai muryar mai labarai ta riƙa yin ƙasa kamar wanda anka danne wa wuya, har ta ɗauke. Yayana Lawali, wanda shi ke gyaran tocila da rediyo a zauren gidanmu, ya aike ni in kwaso tsoffin batura da yake shanyawa bisa rufin rumbu. Ya naɗe kwali, ya jera su ciki, kan wannan a gindin wancan, ya ɗaure da robar tayar keke, ya jona wayoyi biyu. Rediyo ya yi tari, ya ce Zamfara. Mutane sunka ɗauki kabbara, ni kuwa ban ji sauran labarin ba. Hannun Lawali nake kallo.

Shekaruna sha ɗaya lokacin. Babanmu ya rasu, innarmu ta sake aure a Moriki, anka bar mu wurin kakarmu Tumba, wadda idonta ya riga ya fara hazo. Gida ne babba da ba kowa ciki. Da safe in ɗebo ruwa, in share gindin awaki, in tafi firamare in yi sharar fili kafin a buga ƙararrawa. Da rana in yanko ciyawa ko in kori tsuntsaye a gonar dawa. Yara na langa da tura gare a bakin kasuwa, ni ba na cikinsu, don ƙafata ba ta da sauri, bakina kuma ba ya da daɗi. Lawali kaɗai ke zama da ni. Shi ma ba hira yake ba, sai dai "riƙe nan", "sake", "kar ka taɓa da jiƙaƙƙen hannu". Ya ishe ni.

Ba a yi wata biyu ba ya ce zai tafi Gusau, can anka ce aiki ya buɗe tunda ta zama babban birni. Na bi shi har bakin titi ina kuka, ina cewa ya tafi da ni. Ya tsaya, ya laluba aljihu, ya ba ni batir ɗaya, ƙwan tocila ɗaya, da guntuwar waya ɗaya mai jar roba. Ya ce, "Ran da ka kunna ƙwan ga da wayag ga ita kaɗai, ka kuma gaya mani dalili, zan zo in tafi da kai. Ba ni koya ma jaki aiki." Ya hau mota.

To, na ɗauki maganar da gaske. A tunanina wuta kamar ruwa take: ta fito daga kan batir, ta bi waya, ta zuba cikin ƙwai. Haka na riƙa yi, bakin wayar ɗaya a kan batir, ɗaya a gindin ƙwai. Shiru. Na kankare wayar da reza, na lashi kan batir, na shanya shi a rana, na cije shi har haƙorina ya yi tsami. Da ya mutu na koma bayan teburin mai shayi ina tsintar waɗanda ya zubar. Na yi a gona, na yi a bayan aji, har malam ya ƙwace ƙwan ya sa ni tsallen kwaɗo kafin ya mayar mani. Kaka kan ji motsina ta ce, "Angona, wutar da ba ta dafa tuwo, mi za ka yi da ita?" Ba wanda zan tambaya. Ko da akwai ma ba zan tambaya ba, don Lawali ya ce ni zan gano.

Sai da damina ta zagayo. Wata rana ruwa ya hana mu zuwa gona, ɗakin Kaka ya yi duhu da tsakar rana. Ƙasa ta jiƙe, sai na ɗora batir a tsaye bisa farantin silbar da take shanya kuɓewa. Na jona kamar kullum, hannuna ya gaji, ƙwan ya sauka, gefensa ya taɓa faranti. Ya kawo. Ɗan ja-ja ne kamar garwashin da ke shirin mutuwa, amma ya kawo. Na ɗaga, ya ɗauke. Na sauke, ya dawo. Na daɗe zaune kafin kaina ya kama: gindin batir na kan faranti, gefen ƙwai na kan faranti, ashe farantin ne hanya ta biyu. Wutar ba zuba take ba, zagaye take. Ta fita ta kai, ta ratsa siririn zaren da ke cikin ƙwai, ta koma ta gindi. In ba hanyar komawa, ko fitowa ba ta yi. Na ture farantin, na ɗora gindin ƙwai kan batir, na ɗauko waya daga gindin batir zuwa gefensa. Ya kawo da waya ɗaya.

Na kai har gaban fuskar Kaka. Ta ƙura ido, ta ce, "Madalla, angona, ya yi haske ƙwarai." Gefen da take kallo ba nan ƙwan yake ba.

Daga nan sai jira. Na naɗe ƙwan cikin auduga a kwalin ashana. Duk Sallah in wanke rigata in zauna bakin titi ina duba motocin Ƙaura Namoda, don ta can mai zuwa daga Gusau ke biyowa. Na bar makaranta a aji biyar, don mi zan tsaya yi tunda tafiya zan yi. Saƙon gaisuwa kan zo ta bakin direbobi, wani lokaci da sabulu, shi dai bai zo ba.

Ya zo a farkon shekarar 2000, bayan an ƙaddamar da shari'a an rufe gidajen kallo. Ashe janareton wani gidan kallo yake tsaro duk shekarun nan. Ya rame, ya yi shiru fiye da da. Na bari ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan na tsuguna gabansa na kunna. Ya dubi ƙwan, ya dube ni, ya ce, "Wa ya ba ka wanga?" Na ce shi. Da ƙyar ya tuna. Ya ce, "To, mi ad dalili?" Na ce wuta ba ta fita sai ta ga hanyar komawa inda ta fito. Can ya dafa kaina ya ce, "Ka iya, Nasiru. Ni ne ba ni da inda zan kai ka." Ranar kasuwar Shinkafi ya bi wasu 'yan garin Jangeru da ke ƙetarawa Nijar, wai ana neman masu wayarin, wato ja wa gidaje wayar lantarki, can gaba. Ya bar mani tastarsa ta gwada wuta. Kaka ta rasu tana tambayar ko an ji shi. Ba a ji ba, har yau.

Yanzu ina wayarin a Ƙaura Namoda, ina haɗa sola, gwiwata ta gaji da tsani. Duk yaron da anka kawo mani koyo, nakan miƙa mashi batir ɗaya, ƙwai ɗaya, waya ɗaya. Yakan juya baya, ya duba wayar salularsa, kafin in sha ruwa ya kunna. Ba na yi mashi faɗa. Amma in na ce mi ad dalili, sai ya yi dariya, kuma ba wanda yake ɗokin kai wa ya gani. Nakan gaya masu sau ɗaya, in koma kan aikina. Ƙwan Lawali na nan cikin kwalin ashana, zarensa bai tsinke ba. Shi da ya san wuta ba ta fita sai da hanyar komawa, bai tsaya ya duba tashi hanyar ba.