Kifin da Na Saki a Koren Kogi

Jidda

Mun bar unguwar Hindawiyya kafin kiran asuba, a tsakiyar watan Janairu. Kamfanin tace ruwan teku da nake wa aiki ne ya tura ni kwas na mako biyu a Portland, ƙasar Amurka. A mota na yi ta duba fasfo da iƙama, wato takardar izinin zama, har direban ya ce, "Ya akhi, halas, ya isa haka, ba za su gudu ba."

Ba takardu ne suka fi damuna ba. Babana masunci ne a kogin Nil, can Sudan, kafin ya zo Jidda ya kama gadin gini. Yanzu idonsa ya yi rauni ƙwarai. Ni nan aka haife ni, ruwa mai gudu da na taɓa gani bai wuce ambaliya a titi ba. Da ya ji akwai koguna inda za ni, ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya ce yana so kafin ya bar duniya ya ji ɗansa ya kama kifin kogi. Na ce in sha Allah. Har muka isa filin jirgi ina tunanin ko wannan alkawari ne.

Portland

Jirgi biyu na hau, kusan awa ashirin a sama. Jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na soma daga digirina, ya buga hatimi tun ban kai ga kwas ɗin ba. Masauki babu laifi. Abinci kuwa wani shagon 'yan Somaliya ne ya rufa mini asiri da shinkafa da naman akuya.

Ɗaya daga cikin malamanmu, Tom, shi na gaya wa zancen Baba. Ya ce na zo a kan gaɓa, lokacin wani kifi ne da suke kira steelhead, wanda ake haifa a kogi, ya tafi teku ya girma, ya dawo da sanyi. Ana jefa fatsa ne a bar ruwa ya ja ta a hankali kusa da ƙasa. Ya saya mini lasisin kamun kifi na yini ɗaya, ya ce akwai koguna uku kusa, an kuma yi ruwan sama kwana biyu, kuma ni ne baƙo, ni zan zaɓa.

Ya yi bayani, idan na fahimce shi daidai: in ruwa ya yi ja da laka kifin ba ya ganin ƙugiya, in ya yi garau shi ke ganinka, kore ake nema. Na kira Baba. Bai bari na gama ba ya ce, "Jan ruwa. Kifi laka yake bi. Ruwa mai haske na wanka ne." Na ajiye waya da malamai biyu a kaina, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi mini ƙarya ba.

Asabar

Ƙarfe biyar muka tashi. Bayan tafiyar awa ɗaya da rabi muka tsaya a kan gadar kogin farko. Ja ne kamar shayi da madara. Na ce nan. Tom ya dubi ruwan, ya dube ni, ya sauke kaya.

Har hantsi ya wuce abin da na kamo reshen itace ne, dalmar da ke nutsar da fatsa kuwa na rasa ta fi biyar. Yatsuna suka daina ji. Daga ƙarshe na ce masa zaɓin babana ne. Ya tambayi irin kifin da Baba ke kamawa, na nuna masa hoton tarwaɗa a waya. Ya yi dariya ya ce Baba ya yi gaskiya a kan nasa kifin, amma wannan ba shi da gashin baki, da ido yake farauta.

Kogi na biyu ƙarami ne, minti arba'in gaba, kore kamar tsohuwar kwalba. Na yi alwala a bakinsa, abin da ba zan ba kowa shawara ba. Bayan azahar na ji an fizgi sandar fatsar. Duk abin da Tom ya koya mini ya gudu, sai labaran Baba suka rage, shi da ke naɗe zare a hannu ya ja. Na kama zaren da hannu. Ya yanka mini yatsa manuni, Tom na ta cewa in saki in riƙe sanda. Ban san yadda aka yi ba, kifin dai ya shiga ragar Tom, tsawon hannuna, fari kamar azurfa.

Tom ya taɓa wani ɗan fiffike kusa da wutsiyarsa ya ce sai mu mai da shi. Wanda aka yanke wa fiffiken na kiwo ne, ana ɗauka. Mai fiffike ɗan kogi ne, doka ta hana. Na sake tambaya don kada a ce ban ji daidai ba. Na riƙe shi cikin ruwa har ya motsa, na buɗe hannu.

Gida

Duk hanyar dawowa ina jujjuya yadda zan faɗa. Wanda ya kama ya saki, ya kama ke nan ko bai kama ba?

Na sami Baba a tabarmarsa bayan la'asar, na gaya masa komai, har da jan kogin.

"Sakinsa ka yi?"

"Doka ce, Baba."

Na fara neman wata hujjar. Sai ya ce in ba shi hannuna. Ya laluba ya sami yankan, ya bi shi da babban yatsa, sannan ya ɗora yatsana a kan nasa manunin. Akwai tsohon tabo a daidai wurin, ban taɓa lura da shi ba.

"Ya ja ka," in ji shi. "Halas. A kawo mana shayi."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa Tom da ya tsaya cikin sanyi a bakin jan kogi bai ce mini komai ba.