Jijiyar Fartanyar Yaya Mato

Bana shekara goma sha biyar da rasuwar yayana Mato, maƙerin Ɗanzomo, kuma sai bana na san abin da ya kashe shi. Ni da na ga gawarsa, na goyi marayunsa, ashe duk shekarun nan labarin banza nake ba mutane. Tun da na sani hankalina bai kwanta ba, domin babban ɗansa Ilu yana nan a maƙerar, yana dukan abin da ubansa ya daka.

Kakanmu ya bar wa gidan dunƙulen ƙarfe biyu, kowanne da kwarmi a tsakiya, babban na garma, ƙaramin na fartanya. In ƙarfe ya yi ja, sai a ɗauko shi da awartaki, a kwantar da wuyansa cikin kwarmin, a bi shi da masaba har ya ɗauki siffa. Shi ya sa wuyan fartanyarmu yake shiga ƙota ba sai an gyara ba. Kwarmin Kaka muke ce musu. Ba a kai musu magagari, ba a ba da aronsu, mace kuwa ba ta taɓa su. Ni daga bakin ƙofa nake hango su har na yi aure.

To, duk abin da aka buga a kwarmin nan da wani siririn zane yake fitowa a wuya, ya ɗan taso kamar jijiyar bayan hannu. Jijiya ɗin ma ake ce masa. A zamanin babanmu ba ta fi farce ba. A hannun Yaya ta babban kwarmin ta kai tsawon yatsa. Mutanen Damagaram in sun sauko kasuwar Maigatari ba bakin fartanya suke dubawa ba, wuyan suke juyawa su shafa da babban yatsa. In akwai jijiya, ta gidanmu ce, ba ciniki mai tsawo. Yaya mutum ne marar surutu, amma in aka zo maganar nan sai ka ga haƙoransa. Cewa yake albarkar Kaka ce ke ƙaruwa.

Da bazara abin ya faru, hadari ya fara leƙowa daga gabas, manoma sun cika rumfar maƙerar kowa na jiran garmarsa. Na zo gida ganin Inna. Muna tsakar gida muna jin bugun masaba, sai muka ji wata ƙara dabam, daga nan shiru. Babban kwarmin ne ya dare biyu, wani guntu ya tashi ya shige wa Yaya ƙarƙashin haɓa. Kafin a kawo ruwa ya cika. Maƙeri, wanda ke ɗaukar garwashi da hannu, a ce ƙarfe ya kashe shi a maƙerarsa, wa zai yarda? Gari ya ce jifa ne, aka ɗora wa wani maƙeri na wajen Sule Tankarkar. Bawan Allah har ya bar duniya da sunan nan a kansa.

Yanzu ina zaune a Gagarawa, ina kai wa leburorin da ke shimfiɗa layin dogo fura. Sau da yawa nakan tsaya ina kallon ƙarfen nan a kwance har inda ido ya ƙare, in ce ina ma Yaya ya gani. Mutumin da yake zaman jiran masu narka tama kafin ya sami ɗan abin ƙera garma. Na san da sai ya durƙusa ya ƙwanƙwasa shi, ya kara kunne, sannan ya miƙe ya ce almubazzaranci ne a shimfiɗa wannan a ƙasa don jirgi ya taka.

Masu aikin suna da maƙerinsu, wani dattijo Bakano da ke gyara musu diga da ƙusoshi. Ran nan na ga ya wurgar da wani dunƙule mai kwarmi cikin tarkace. Ni 'yar maƙera ce, abin ya tsaya mini a rai.

"Malam, lafiyayyen ƙarfe kake yarwa haka?"

"Ya gaji, Iya," in ji shi. Ya ɗauko ƙusar da ya buga a ciki ya miƙo mini. A wuyanta ga jijiya, irin tamu sak. "Zafi da duka ne ke cin kwarmi. In ya fara tsagewa, jan ƙarfe sai ya shiga tsagar, shi ne zanen nan. In aka bari ya yi tsawo, wata rana a fuskar mutum zai fashe."

Ashe abin da muke kira albarka, tsaga ce ke tafiya a hankali. Kowace shekara tana gaya masa, a wuyan kowace garma, shi yana murna, kasuwa tana yaba masa.

Kashegari na kama hanyar Ɗanzomo. Na tarar jijiyar ƙaramin kwarmin ta kusa kai yatsa. Na gaya wa Ilu komai, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, kayan Kaka kike cewa in yar?" Na ce ai kuwa, in ba haka ba a bakin ƙofar nan zan zauna, ba ci ba sha, har gari ya zo kallo. Ya san halina, sai ya ajiye kwarmin Kaka. Da ma dattijon nan Bakano ya ba ni wani guntun ƙarfe da suka yar, Ilu ya sha wahala ya fid da sabon kwarmi a ciki, fartanyu suka fito sumul, sun fi na da kyau. Ya ɗora wa jaki ya kai Maigatari. Aka juya wuya, aka shafa, aka ajiye. "Wannan ba ta gidan Mato ba ce." Yadda jakin ya tafi da kaya haka ya komo.

Da na sake zuwa, sai na same shi ya duƙa kan sabon kwarmin da kurfi, abin sarar ƙarfe, yana sassaƙa siririn zane a ciki da hannunsa. Ai dattijon ya riga ya gaya mini, tsaga ba ta farawa sai inda ƙarfe ya sami rauni.

"Ni na zana ta, Gwaggo, ba tsaga ba ce," in ji shi, bai ko ɗago ba. "In ba jijiya, ba hatsi a gidan nan."

Me Yaya Mato ya bari? Ya bar hannu mai kyau, ya bar 'ya'ya masu kunya, ya bar sunan da har yau ake tambaya a ƙetare. Amma a sunan nan, abin da mutane suka riƙe suke nema da yatsa shi ne ajalinsa, kuma ba su yarda da ɗansa sai sun taɓa shi. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta. Ni dai ina tsaye a bakin ƙofa Ilu ya kwantar da jan ƙarfe a kwarmin ya ɗaga masaba, sai na zaga bayan danga na toshe kunnuwana.