Baba Mijinyawa, Wanda Ya Nemo Sunan Ciwonsa

Ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, ina tuƙin tuwon rana, 'yarka Zainab ta kira ni ta ce Allah ya yi maka rasuwa. Ni ce Yemima, Maman Endurance, mai abinci a bakin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Shekara ashirin da biyu kana cin girkina, tun kana gyaran injinan jirgi har ka yi ritaya. Hawaye na yi, amma duk sanda na tuna ka sai murna ta rinjaye su.

Da ƙafafunka suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yanke maka, aka rasa gane ciwon. Sai magana ta bazu cewa ni na zuba maka wani abu a miya. Masu saye suka janye, maƙwabta suka daina amsa gaisuwata. Kai kuwa kullum sai ka hau Keke Napep ka zo, ka zauna a bencina, ka ci a idon kowa.

Ka ce duk injin da ya tsaya akwai dalili. Asibiti huɗu ka zaga, har wata likita ta ɗebi 'yar tsoka a jikinka ta aika gwaji.

Ba zan manta ranar da ka dawo ba. Kana haki, kana dariya, kana ɗaga takarda sama.

"Maman Endurance, an samo shi. Sunansa amiloidosis!"

Na ce, "Baba, yana warkewa?"

Ka ce, "Nawa ya yi nisa. Amma kira mini mutane su ji."

'Yan acaɓa, mahauta, matan kasuwa, duk suka taru. Ka yi musu bayani cewa wani sinadarin gina jiki ne, furotin, yake lalacewa, ya riƙa taruwa a zuciya da ƙoda da jijiyoyi, kamar yadda datti ke toshe bututun mai, har zuciya ta sandare ta kasa aiki. Ka ce irin naka gado ne, da shi aka haife ka. Sannan ka juyo ka ce in ƙaro maka miya. Kafin la'asar tukunyata ta ƙare.

Ba ka tsaya nan ba. Ka matsa wa danginka sai sun yi gwaji. Ƙanwarka Hajjo ta zo daga Zangon Kataf tana mita, aka gano nata da wuri. Yau tana ganin likita, tana nomanta na citta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya A'i, da Zainab, da Hajjo, da tsoffin ma'aikatan jirgi. Ubangiji ya ba ku haƙuri. Baba, kana fama da numfashinka ka wanke mini suna. Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya ba ka hutun da ka ba ni.